Daga Akwatin Gidan Waya Zuwa Akwatin Imel

Ka tambayi dattawan Dabai yadda ake aika saƙo a da. Za su ce maka wasiƙa ake rubutawa, a kai gidan waya a Zuru, ko a damƙa wa direban motar Sakkwato. Adireshin 'yan'uwa kuwa a bangon littafi ake rubuta shi.

A 1971 wani injiniya a Amurka, Ray Tomlinson, ya aika saƙo daga wata kwamfuta zuwa wata, kuma shi ya zaɓi alamar @ don raba sunan mutum da na na'ura. Hotmail ya fito a 1996, Gmail a 2004, kalandar Google a 2006. A Najeriya wayar salula ta GSM ta shigo a 2001, amma sai da wayoyin Android suka yawaita imel ya shiga aljihun talaka.

Yau imel ɗin nan da mai shagon waya ya buɗe maka, a cikinsa ake adana lambobin mutanenka da ranakun da ka sa a kalanda. In wayar ta ɓace, da kalmar sirrinsa za ka dawo da su. To, kai ka riƙe ta, ko tana can wurin mai shago?