Shekarar da Sunayen Guguwa Suka Ƙare a Tekun Atlantika

Kowace shekara masana yanayi kan tanadi sunaye 21 da za a raɗa wa duk guguwar da ta taso a Tekun Atlantika daga Yuni zuwa Nuwamba. A 2005 sunayen ba su isa ba. Wilma ce ta rufe jerin a watan Oktoba, sai aka koma aron haruffan Girkanci, tun daga Alpha har Zeta, wadda ba ta lafa ba sai a Janairun 2006. Guguwa 28 aka ƙidaya, huɗu daga ciki suka kai mataki na biyar a ƙarfi, wanda babu na sama da shi.

Ruwan teku ya yi ɗumi fiye da yadda aka saba, ɗumin nan kuwa shi ke ciyar da guguwa. Wasunsu ma daga wajenmu suke samo asali: iskar damina ta ratsa Sahel ta nufi yamma, ta faɗa teku, can ta riƙa.

Katrina ce duniya ta riƙe. Ranar 29 ga Agusta da ta afka wa jihar Louisiana, ƙarfinta ya riga ya ragu zuwa mataki na uku. Katangun tare ruwa da injiniyoyin sojan Amurka suka gina ne suka ɓalle, ruwa ya shanye kusan kashi 80 cikin ɗari na birnin New Orleans. Masu mota sun tsere tun da wuri. Waɗanda suka rage, akasari talakawa baƙar fata da tsofaffi, suka cunkushe a filin wasa na Superdome, wasu a kan rufin gidaje, suka kwana suka wuni suna jiran agaji, a ƙasar da ta fi kowace arziki. Mutum fiye da 1,300 suka rasu, asarar dukiya ta kai dala biliyan 125. Wanda ya ɗora wa iska laifin duka bai yi adalci ba.

Stan kuwa mataki na ɗaya kawai ta kai, amma ruwan da aka tafka lokacinta a Oktoba ya zaftaro ƙasa ta binne ƙauyen Panabaj a Guatemala, kuma rayukan da suka salwanta a yankin sun haura dubu. Labarin bai samu ko kusa da kulawar da aka bai wa New Orleans ba.

Bayan kakar guguwar, an soke sunaye biyar daga jerin har abada: Dennis, Katrina, Rita, Stan da Wilma. Ba a sake ganin yawan guguwa irin na 2005 ba sai a 2020, da aka ƙidaya 30.