Shirye-shiryen bin salsalar fitattun mutane a talabijin: abin da suke nunawa da abin da suke bari

Shirin bin salsala wani nau'i ne na shirin talabijin da ake ɗauko fitaccen mutum, ɗan wasan kwaikwayo ko mawaƙi ko ɗan siyasa, a bi sawun kakanninsa ta hanyar tsofaffin takardu da gwajin DNA, sannan a bayyana masa abin da aka gano a gaban kyamara. Biyu ne suka fi shahara. Na farko shi ne Who Do You Think You Are?, wato "Wa kake tsammanin kai ne?", wanda BBC ta fara nunawa a shekarar 2004, daga baya ƙasashe da dama suka kwaikwayi tsarinsa, har da Amurka a 2010. Na biyu shi ne Finding Your Roots, ma'ana gano tushenka, wanda Farfesa Henry Louis Gates Jr. na Jami'ar Harvard yake gabatarwa a tashar PBS ta Amurka tun 2012.

Mai kallo yakan ɗauka cewa tarihi ne tsantsa ake shimfiɗa masa. Gaskiyar ita ce kafin labarin ya iso gare shi an tace shi sau uku: takardun da suka tsira sun tace, masu shirya shirin sun tace, wani lokaci kuma shi kansa baƙon ya sa hannu.

Yadda ake aikin

Masu bincike kan shafe makonni ko watanni a rumbunan ajiyar takardu kafin a kunna kyamara. Jarinsu shi ne rajistar haihuwa da aure da mutuwa, wadda gwamnati ta fara a Ingila da Wales a 1837, sai takardun ƙidayar jama'a, da littattafan coci, da wasiyyoyi, da jerin fasinjojin jiragen ruwa. Birtaniya ba ta buɗe bayanan ƙidaya sai sun cika shekara 100, Amurka kuma shekara 72. Shi ya sa a 2022 ne aka saki ƙidayar 1921 ta Ingila da Wales, da ta 1950 ta Amurka.

Ba kowa ne binciken yake kai wa ga allo ba. Marigayi Michael Parkinson, shahararren mai gabatar da shirin hira a Birtaniya, ya bayyana cewa an fasa yin shirin a kansa domin ba a samu abin jan hankali a tarihin kakanninsa ba, waɗanda talakawa ne ma'aikatan ƙarfi. Wanda ake so shi ne irin Boris Johnson, da aka nuna masa a 2008 labarin Ali Kemal, kakan mahaifinsa, ministan cikin gida na Daular Usmaniyya wanda gungun mutane suka kashe a 1922.

Katangar 1870

Takarda ba ta yi wa kowa adalci ba. Ga baƙar fatar Amurka, bincike yakan ci karo da shekarar 1870, domin ƙidayar wannan shekara ce ta farko da ta rubuta 'yantattun bayi da sunayensu. A ƙidayar 1850 da ta 1860, abin da aka rubuta game da bawa shi ne shekarunsa da jinsinsa da launin fatarsa, a ƙarƙashin sunan ubangidansa, kamar yadda ake lissafa dukiya. Saboda haka mai neman kakansa bawa sai ya bi ta wasiyyar wanda ya mallake shi ko takardar cinikinsa.

Su kuwa masu bayin, sunayensu suna nan daram. Da Birtaniya ta yi dokar soke bauta a 1833, ta ware fam miliyan 20 ta biya diyya. Iyayengijin aka biya, bayin ba su samu ko kwabo ba. Duk mai neman kuɗin sai da ya shigar da sunansa da adadin bayinsa, kuma waɗannan takardu ne masana a University College London suka mayar rumbun bayanai da kowa zai iya dubawa a intanet. Wannan rashin daidaito kan bayyana a jikin mutum guda: a 2008 mai shirin girke-girke Ainsley Harriott, wanda iyayensa 'yan Jamaika ne, ya gano cewa cikin kakanninsa akwai bayi, akwai kuma Bature mai bayi wanda daga gare shi sunan gidansu ya samo asali.

Badaƙalar Ben Affleck

Abin da ya fi tona yadda ake tace waɗannan labarai ya faru ne a Finding Your Roots. A Oktoban 2014 aka nuna kashin da ya shafi ɗan fim Ben Affleck, ba tare da an ambaci wani kakansa na wajen uwa, Benjamin Cole na birnin Savannah a jihar Georgia, wanda takardu suka alaƙanta da mallakar bayi ba. Da maganar ta wuce a haka, sai dai a ƙarshen shekarar masu kutse suka kwashe saƙonnin imel na kamfanin Sony Pictures, kuma a Afrilun 2015 shafin WikiLeaks ya wallafa su. A ciki aka ga Gates yana neman shawarar Michael Lynton, shugaban sashen nishaɗi na Sony, kan wani babban tauraro da ya nemi a cire batun. Gates da kansa ya rubuta cewa yin hakan ya saɓa wa ƙa'idar PBS. Lynton ya ba shi shawarar ya cire, muddin ba wanda ya sani.

Affleck ya amsa a Facebook cewa shi ya nema, kuma kunya ce ta sa shi. Gates ya ce hukuncin na edita ne, ya zaɓi labaran da suka fi armashi ne kawai. PBS ba ta gamsu ba. A Yunin 2015 bincikenta ya tabbatar da an karya ƙa'idojinta, ta janye wannan kashi, ta dakatar da zango na uku har sai an ɗauki ƙarin mai tantance bayanai da masanin salsala mai zaman kansa. Shirin ya dawo a Janairun 2016.

Abin lura shi ne a wannan zangon dai an nuna wa ɗan jarida Anderson Cooper kakansa mai bayi, wanda wani bawansa ya kashe da fartanya, kuma labarin bai rage masa daraja ba. Ba wanda yake ɗaukar laifin kakansa. Ɓoyewar ce ta zama abin kunyar, kuma ba don kutsen ba da har yau ba a sani ba.

Jinin sarauta da gwajin DNA

Wani abin da masu shirin ke ƙauna shi ne haɗa baƙo da gidan sarauta, kamar yadda aka yi wa ɗan wasa Danny Dyer a 2016 da aka nuna masa ya fito daga tsatson Sarki Edward na Uku, wanda ya mulki Ingila daga 1327 zuwa 1377. Lissafi yana rage wa labarin kwarjini. Kowa yana da iyaye 2, kakanni 4, haka adadin yake ninkawa, ta yadda a hawa na 24 guraben kakanni sun haura miliyan 16, fiye da yawan mutanen Ingila na wancan zamani nesa ba kusa ba. Masanin ƙwayoyin halitta Adam Rutherford ya nuna cewa kusan duk mai tsohon tushe a Ingila jikan wannan sarki ne. Abin da Dyer ya fi saura da shi shi ne takardar shaida.

Inda takarda ta ƙare, sai a koma ga gwajin DNA. A shirin African American Lives na 2006, wanda shi ma Gates ya gabatar, Oprah Winfrey da ta daɗe tana cewa ita Bazuluwa ce ta ji cewa tsatsonta na wajen uwa ya fi dacewa da ƙabilar Kpelle ta Laberiya. Irin wannan gwaji layi ɗaya tak yake bi, daga uwa zuwa uwarta, wato mutum 1 cikin kakanni 1,024 a hawa na 10. Kuma kwatantawa yake yi da samfurin mutanen da ke raye a yau, alhali ƙaura da auratayya sun cakuɗa al'ummomin Afirka ta Yamma tun ƙarnuka. Saboda haka idan kamfani ya ce wa Ba'amurke shi Bahaushe ne ko Bafulatani, kamanceceniya ya gano, bai gano gari ko gida ba.

Duk da haka sakamakon ya fara shiga harkar gwamnati. Saliyo ta ba ɗan fim Isaiah Washington takardar zama ɗan ƙasa bayan gwaji ya alaƙanta shi da ƙabilar Mende, kuma a 2024 Jamhuriyar Benin ta yi dokar ba jikokin bayin da aka kwashe daga Afirka damar zama 'yan ƙasa. A gefe guda, bayanan ƙwayoyin halittar miliyoyin mutanen da sha'awar irin waɗannan shirye-shirye ta kai ga yin gwaji sun zama haja. Kamfanin zuba jari na Blackstone ya sayi Ancestry, mai ɗaukar nauyin shirin na Amurka, kan dala biliyan 4.7 a 2020. Shi kuwa 23andMe, masu kutse sun kai ga bayanan kusan mutum miliyan 6.9 na abokan hulɗarsa a 2023, sannan a Maris ɗin 2025 ya shigar da takardar karayar arziki a kotu, da bayanan ƙwayoyin halittar abokan cinikinsa cikin kadarorin da aka sa a kasuwa.