Mai Jitar Da Aka Ce Ya Mutu

'Yan uwana mata, mu nan ƙasar Daura mun taso mun tarar kiɗa gado ne. Ɗan makaɗi shi ke ɗaukar kalangun ubansa, wanda kuwa ba a yi a gidansu in ya taɓa sai ki ji ana cewa yaron nan ya lalace. Ko marigayi Mamman Shata, da aka kawo nan Daura aka rufe a 1999, bai gaji waƙa ba, sai da ya sha faɗan mahaifinsa. To a ƙasar Mali ma haka abin yake, kuma can zan kai ku yau, wajen wani bawan Allah Bubakar Traore, wanda ake wa laƙabi da Kar Kar.

An haife shi a 1942 a garin Kayes, yammacin Mali. Gidansu ba na maroƙa ba ne. Ƙwallon ƙafa ya fara bugawa, laƙabin ma a fili ya samo shi saboda iya yanka. Jita kuwa ta yayansa yake ɗauka a ɓoye in ya fita, har hannunsa ya faɗa.

Mali ta sami 'yancin kai a 1960, shekara ɗaya da mu, Modibo Keita ya zama shugaba. Ba a jima ba muryar Kar Kar ta cika gidan rediyon ƙasar. Waƙarsa mai suna Mali Twist da ita ake tashin mutane da safe, yana kiran 'yan ƙasa su tashi su gina ƙasarsu. Saurayi ne ɗan gaye, ga rigar fata irin ta Elvis na Amurka, samari na kwaikwayonsa, 'yan mata kuwa ba a magana. Amma fa bai buga faifai ko ɗaya ba, rediyon kuma ba ta biyan ko sisi. Suna ya cika gari, aljihu wayam.

A watan Nuwamba 1968 sojoji ƙarƙashin Musa Traore suka hamɓare Modibo. Da yake ana ganin Kar Kar mawaƙin tsohuwar gwamnati ne, sai aka daina sa waƙoƙinsa. Ya koma neman abin sa wa a baka, ya taɓa ɗinki, ya taɓa tireda, ya taɓa noma. Kusan shekara 20 ba a ji ɗuriyarsa ba, har jama'a da yawa suka ɗauka ya rasu.

Nan ne ni labarin ya fi tsaya mini a rai. Mu marubutan littattafan soyayya mun iya kai labari ranar ɗaurin aure mu ajiye biro, kamar daga nan sai hutu. Matarsa, Pierrette, ita ta yi zaman waɗannan shekarun da shi. Ku duba fa, kowa a gari ya san waƙar mijinki, amma waƙar ba ta taɓa kawo cefane ba, ga yara, ga makaranta, ga ciwon yau da gobe. Masu tafi sun watse tuntuni, ita tana nan. A ganina duk mai ba da tarihin mutumin nan ya tsallake ta, rabin labari ya bayar.

A 1987 aka gayyace shi gidan talabijin a Bamako. Mutane suka yi ta mamaki, ashe yana raye! Kamar abin zai dawo, sai a 1989 Allah ya yi wa matar rasuwa. Allah sarki. Ya tattara ya tafi Faransa yana leburanci a wajen gini, yana da shekara 47, don ya ciyar da 'ya'ya shida.

Yana can yana fama da siminti, wani kaset da ya ɗauka a gidan rediyon Mali ya faɗa hannun kamfanin Stern's na Landan. Suka nemo shi. A 1990 faifansa na farko, Mariama, ya fito, shekara 48 ke nan da haihuwarsa. Wanda ya saurara zai ji ba saurayin nan mai rigar fata ba ne. Kiɗan ya yi sanyi, jita ce kawai da murya mai rauni, kuma sunan matar bai bar bakinsa ba, har da waƙa guda ta ban kwana da ya yi mata. Ni dai na fi son wannan kiɗan na biyu, ko da yake ba na jin Bambaranci.

Daga nan ya zaga Turai da Amurka. Wata marubuciya 'yar Beljiyam, Lieve Joris, ta sa labarinsa a littafinta Mali Blues, a 2001 kuma Jacques Sarasin ya yi fim a kansa. Da kuɗi suka shigo sai ya sayi fili a gefen Bamako, ya zuba tumaki ya yi lambu. A 2017, yana ɗan shekara 75, ya fitar da faifan Dounia Tabolo, wanda ya ɗauka a jihar Luwiziyana ta Amurka.