Tsargiya da Aikin Asibiti a Jazira: Tarihin Manufa da Kare Majinyaci

Garin Hajj Abdalla na yankin Jazira a Sudan, wanda ke kudu da Wad Madani a kan hanyar Sinnar, yana cikin wuraren da aka fara gwada noman auduga da ruwan famfo tun kafin a kammala madatsar Sinnar a 1925, domin bayan gwajin Tayba a 1911 da na Barakat a 1914, an kafa injin jan ruwa a wannan yanki a 1921. Hausawa da Fulani sun riga wannan aiki isa bakin Shuɗin Nilu, wasu a kan hanyarsu ta hajji, wasu kuma cikin ayarin da ya biyo Muhammad Bello Mai Wurno bayan yaƙin Burmi na 1903, amma buƙatar masu tsintar auduga ce ta sa yawansu ya ninka, kuma ita ce ta jefa su tsakiyar tarihin aikin lafiya na wannan ƙasa.

Cutar da ta fi damun hukuma ita ce tsargiya, wadda likitoci ke kira bilhaziya saboda Theodor Bilharz da ya gano tsutsarta a Alƙahira a 1851. Tsutsar takan zauna a jijiyoyin jini na mafitsara ko na hanji, ƙwayayenta su fita ta fitsari ko bayan gida, su ƙyanƙyashe a ruwa, su shiga katantanwa, sannan su fito su huda fatar duk wanda ya tsoma ƙafa. Ƙananan magudanan Jazira, waɗanda aka tsara su riƙa tara ruwa da dare domin a yi ban ruwa da rana, sun zama gidan katantanwa saboda kwanciyar ruwa da yawan ciyawa.

Manufar farko da aka ɗora wa ma'aikatan lafiya ita ce a hana cutar shiga gonar audugar Jazira, kuma wannan manufa ce ta tsara aikinsu daga farko har ƙarshe. An kafa wurin killacewa, wato sansanin da ake tsare matafiyi har a tabbatar da lafiyarsa, a Wadi Halfa domin leburorin Masar, da kuma a Kosti domin masu zuwa daga yamma, inda ake duba fitsarin mutum a madubin likita, idan an ga ƙwayaye a riƙe shi a yi masa allura. Abin da ake tsaro a nan shi ne ruwan magudana da ƙarfin ma'aikatan auduga. Shi kuwa Batakrure, wato baƙon da ya fito daga yamma, da ke kwance a sansanin, hanya ce kawai ta cimma wannan buri. Ba a rasa tausayi wajen masu aikin ba, sai dai ma'aunin da ake auna su da shi bai tambayi yadda majinyaci ya tashi ba.

Maganin da ake amfani da shi ɗan ƙasa ne ta wata fuska, domin a babban asibitin Hartum ne likita John Christopherson ya fara gwada shi a kan tsargiya a 1917, ya kuma buga sakamakon a 1918. Wani gishiri ne na ƙarfen antimoni, wanda sunansa na Turanci ma yana nufin abin da ke sa amai, kuma ana zuba shi ne kai tsaye cikin jijiya, a fara da kaɗan a riƙa ƙarawa, har kusan wata guda. Yana kashe tsutsa, amma tazarar da ke tsakanin abin da zai warkar da abin da zai halaka ba ta da faɗi: mai karɓarsa kan yi tari da amai da ciwon gaɓoɓi, idan ruwan ya kauce wa jijiya naman wurin ya ruɓe, kuma yakan taɓa zuciya har mutum ya faɗi ba zato, musamman wanda yunwa da tafiya suka riga suka ci ƙarfinsa. Ran majinyaci ya dogara ke nan a kan abubuwan da ba su da kwarjini, wato auna magani daidai, tura shi sannu a hankali, tafasa sirinji, rubuta allura ta nawa aka kai, da kwantar da mutum ya huta bayan an gama. Mafi yawan wannan aiki ba likita ke yin sa ba, mataimakin likita ne da ma'aikacin jinya a shafahana, kamar yadda ake kiran ƙaramin ɗakin shan magani na ƙauye a Sudan. Leburan da ya baro gida domin kuɗin guzurin Makka ba ya iya zaman wata guda babu aiki, don haka wanda ya ga fitsarinsa ya washe yakan yanke zuwa, ya koma gona da ragowar tsutsa a jikinsa.

Masar ta nuna inda irin wannan tsari ke kaiwa idan yawan waɗanda aka yi wa allura ya zama shi ne abin alfahari. A gangamin da aka yi can da wannan magani har zuwa farkon shekarun 1980, an riƙa yi wa mutane allura a layi da sirinjin gilashi da ba a tafasa su yadda ya kamata ba, aka yaɗa ciwon hanta nau'in C, har binciken ƙasa na 2008 ya sami alamarsa a jinin kusan kashi 15 cikin ɗari na 'yan shekara 15 zuwa 59.

Killacewa ba ta hana tsargiya kafuwa a Jazira ba, kuma faɗaɗa gonar zuwa Manaƙil daga ƙarshen shekarun 1950, wanda ya kai ta kusan fadan (ma'aunin faɗin gona) miliyan biyu, ya ƙara wa katantanwa wurin zama, yayin da tsargiyar hanji ta zama ita ce ta fi yawa. Sauyi na gaske ya zo da Shirin Lafiya na Shuɗin Nilu, wanda gwamnatin Sudan da Hukumar Lafiya ta Duniya suka ƙaddamar a 1979 na tsawon shekara goma, da hedikwata a Wad Madani, ƙarƙashin Dakta Ahmad Ayyub al-Gaddal. A wannan karo an rubuta manufa a kan mazaunin ƙauye da kansa, wato a rage yawan masu tsargiya da zazzaɓin cizon sauro da gudawa, aka haɗa magani da feshi da kashe katantanwa da samar da ruwan sha. Ƙwayar furazikwantel, wadda ake haɗiya sau ɗaya gwargwadon nauyin jiki, ta maye gurbin allura, sai sikeli da littafin rajista suka zama kayan aikin ma'aikaci. Tsargiya ta sauko daga kusan rabin jama'ar ƙauyukan da aka auna zuwa ƙasa da kashi 10 cikin ɗari.

Raunin shirin yana wajen waɗanda rajistar ba ta cika kamawa ba, wato mazauna kambo, unguwannin leburori da ke bakin magudana ba tare da famfo ko masai ba, inda Hausawa da mutanen Darfur ke da yawa, kuma inda yaro ke shan magani yau ya koma wanka a ruwan da ya ba shi cutar gobe. Da shirin ya ƙare a 1990 kuɗin waje suka tsaya, feshi ya ja baya, zazzaɓin cizon sauro ya dawo wa Jazira da ƙarfi cikin 'yan shekaru kaɗan.