Tsufa da lafiya a Dumega: hawan jini, gishirin miya da zafin bazara

Dumega ƙaramar hukumar karkara ce a gundumar Tibiri ta jihar Dosso, cikin kwarin Dallol Mawri, a ƙasar Arewa. Kafin 2011, lokacin da Tibiri ta zama gunduma mai cin gashin kanta, yankin yana ƙarƙashin Dogon Dutsi. Akasarin jama'arta manoma ne, kuma manomi ba ya ajiye hauya don ya cika shekara 60. In samari suka tafi ci-rani bayan girbi, tsofaffi ke riƙe gida da jikoki da dabbobi. Shi ya sa ranar da tsoho ya kwanta ciwo, gidan duka ke jin jiki.

A wurin Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, tsufa da lafiya shi ne mutum ya ci gaba da iya yin abubuwan da ke da daraja a gare shi: ya je masallaci da ƙafarsa, ya leƙa gona, ya yi wanka ba tare da an riƙe shi ba. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware shekarun 2021 zuwa 2030 domin wannan batu. Yawancin abin da ake buƙata yana cikin tukunya, da randa, da gidan likita mafi kusa.

Hawan jini

Hawan jini, wanda ake kira tansiyo, shi ne babban abin da ke janyo shanyewar ɓarin jiki, kuma yana lalata zuciya da ƙoda. Mutum kan yi shekaru da shi bai ji komai ba, awo kaɗai ke nuna shi. Idan awo ya kai 140 bisa 90, abin da ma'aikatan lafiya ke rubutawa 14/9, kuma aka sake samun haka a wata rana dabam, to akwai hawan jini. Ana yin awon a cibiyoyin lafiya na CSI cikin ƴan mintoci. Ya kamata dattijo ya auna aƙalla sau ɗaya a shekara ko da yana jin garau.

Wanda aka ɗora bisa magani zai riƙa sha ne kullum. Kuskuren da aka fi yi shi ne a daina sha da zarar an ji sauƙi, sai jinin ya koma ya hau ba a sani ba. Idan baki ya karkace, ko hannu ɗaya ya mutu, ko magana ta sarƙe farat ɗaya, a nemi mota nan take zuwa likita, daga can a wuce asibitin Dogon Dutsi ko babban asibitin Dosso in hali ya kai. Sa'o'in farko su ne masu tsada. Addu'a da roƙon Allah ana iya yin su a hanya.

Gishiri, dunƙule da kanwa

OMS ta ce kada babba ya wuce gram 5 na gishiri a yini, wato bai kai cikin ƙaramin cokalin shayi ba. Lissafin ya haɗa da dunƙulen miya, wanda gishiri ne mafi yawansa, da kuma kanwa, domin ita ma tana ɗauke da sinadarin da ke sa gishiri ya ɗaga jini. Tun cikin shekarun 1970 likitoci a Zariya suka alaƙanta yawan shan kunun kanwa da ciwon zuciyar masu jego. Da yake gida ɗaya tukunya ɗaya ce, mai girki ce ke da wuƙa da nama. In ta rage dunƙule sannu a hankali, ta ƙara daudawa da albasa da tafarnuwa, harshe kan saba cikin ƴan makonni.

Abincin yankin mai kyau ne ga tsoho: gero, wake, gyaɗa, nono, zogale, yakuwa, kuka. Wake da nono na taimakawa wajen riƙe tsokar jiki, wadda ke raguwa da shekaru. Wanda haƙoransa suka zube a dama masa fura ko kunu mai kauri, a dafa wake ya yi laushi. Abin ragewa shi ne sukarin shayi da lemun kwalba. Yawan ƙishirwa, yawan fitsarin dare, rama, ko gyambon ƙafa da ya ƙi warkewa, alamu ne da ke sa a auna sukarin jini.

Zafin Afrilu da Mayu

A bazara zafi kan wuce digiri 40. Tsoho ba ya jin ƙishirwa da wuri kamar yaro, don haka jikinsa kan bushe bai ankara ba. A ajiye masa ruwa kusa da tabarma, ya riƙa kurɓa ba sai ƙishirwa ta zo ba. Fitsari mai duhu, jiri ko ruɗewa alamun ƙarancin ruwa ne. Aikin gona da zuwa kasuwa a yi su da sanyin safiya ko bayan la'asar. Mai ciwon sukari ko ƙoda ya shawarci likita kafin azumi. Musulunci ya yi wa tsohon da ba zai iya ba sauƙin ciyarwa.

Motsa jiki da maganin talla

OMS ta ba da shawarar minti 150 zuwa 300 na motsa jiki matsakaici a mako, da ayyukan ƙarfafa ƙafa kwana uku a mako ga wanda ya kai shekara 65, don gudun faɗuwa. Tafiya zuwa lambu, ban-ruwa, shara da tashi daga kujera sau goma ba tare da dafawa ba duk suna ciki. Wanda ya daina noma ya zauna gindin bishiya yini guda shi ya fi buƙatar wannan.

Ciwon gwiwa da na baya kan tura tsofaffi wurin masu tallan ƙwayoyi a kasuwa. Shan irin su diclofenac kullum yana ɗaga jini, yana cin ciki, yana kashe ƙoda. Taba kuwa, ta hayaƙi ko ta ci da ake haɗawa da kanwa, barinta na da amfani ko a wace shekara.

Ido da zama cikin mutane

Yanar ido ita ce kan gaba wajen makantar da mutane a duniya, alhali aikin asibiti na ɗan lokaci yana maido da gani. Ture yanar da tsinke a gargajiyance yakan ƙarasa idon. Tsohon da ba ya gani ko ba ya ji sosai yakan janye daga majalisa da suna da biki, kaɗaici kuma na ƙara mantuwa da damuwa.

Ranar 1 ga Oktoba ce ranar tsofaffi ta duniya, ta kuma faɗo daidai kaka, kafin samari su kama hanya. Lokaci ne da ya dace ɗa ya raka mahaifinsa ko mahaifiyarsa awon jini da duba ido, ya kuma bar kuɗin magani na watannin da ba ya nan a hannun wanda zai tabbatar ana sha.