Ci-rani Ba Gudun Hijira Ba Ne: Abin da Ƙasar Birniwa Ta Nuna

Tun da masanin muhalli Norman Myers ya yi hasashen cewa sauyin yanayi zai raba mutum miliyan 200 da muhallinsu zuwa 2050, masu bin ra'ayinsa ke kallon duk saurayin da ya bar ƙauye a Sahel a matsayin wanda hamada ta koro. Wannan fahimta, in an yi mata adalci, ta haɗa abu biyu da manomin ƙasar Haɗeja bai taɓa haɗawa ba: mai tafiya ci-rani da mai ƙaura.

Masanin labarin ƙasa Michael Mortimore ya bibiyi ƙauyen Dagaceri na Mangawa, a ƙasar Birniwa, tun farin 1972 zuwa 1974 har bayan na 1984, ya fitar da sakamakon a littafinsa na 1989. Gero ya ƙi, dabbobi sun mutu, amma garin bai watse ba. Maza sun fita bayan kaka, sun nemo kuɗin hatsi a birane, suka komo kafin shuka. Da alama tafiyar ce ta riƙe gidajen, ba ita ta kwashe su ba. Hanyar ma daɗaɗɗiya ce, domin layin dogo na Kano zuwa Nguru ya ratsa Birniwa tun wajen 1930.

Mai ra'ayin Myers zai ce wannan labarin jiya ne. Yau, in ji shi, samari na wuce Kano da Legas, su bi ta Agadas su nufi Libiya, kuma ba damina ke dawo da su ba. Maganar tana da nauyi, sai dai ta bar tambaya: wa ke iya tafiyar? Ƙetare Sahara na cin kuɗin mota da na 'yan rakiya, wanda gonarsa ta ƙone kuwa ba shi da abin sayarwa. Masanin ƙaura Hein de Haas ya daɗe yana nuna cewa masu ɗan hali ne ke yin nisa, matalauta na liƙis kan maƙale a gida.

A nan dole hujjar ta tsuke. Dagaceri ƙauye ɗaya ne, kuma na tudu. Ba zai yi magana da yawun fadamar Haɗeja ba.

A fadamar ma, zai yi wuya a ɗora wa sama laifin duka. Madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992 sun sauya ambaliyar da shinkafa da su da kiwo suka dogara da ita, ciyawar kacala kuma ta toshe magudanai wajen Guri da Kirikasamma. Masanin tattalin arziki Barbier da abokan aikinsa sun lissafa tun 1991 cewa ruwan ya fi amfani a fadamar fiye da a gonakin ban-ruwa na Kano. Masuncin da ya bar Haɗeja saboda haka, shawarar injiniyoyi da gwamnati na cikin abin da ya tashe shi, lissafin Myers kuwa ba shi da gurbin da zai saka ta.