Kalmar "Jijiya" da Matsalar Koyar da Kewayawar Jini a Babbar Sakandare

Tsakure

Maƙalar ta duba yadda kalmar Hausa guda, wato jijiya, ke rufe sassan jiki huɗu masu aiki daban-daban, da tasirin hakan ga ɗalibin da ke karatu da Ingilishi yana tunani da Hausa. An bi hanyar ƙwanƙwance ma'anar kalmar a bakin jama'a, aka auna ta da abin da ilimin ƙirar jiki ya tabbatar, sannan aka kawo shawarar darasin da zai raba su.

Gabatarwa

Ɗalibin da ke shirin jarrabawar WAEC ko NECO zai iya zana zuciya, ya sa wa ɗakunanta huɗu suna, ya ci makinsa. Amma a tambaye shi da Hausa abin da ke tsinkewa idan mutum ya sami shanyewar ɓarin jiki, sai ya ce jijiya. Wace jijiya? Nan ake jin shiru. Ba rashin hazaƙa ba ne. Harshen da yake tunani da shi bai taɓa tilasta masa rarrabewa ba.

Suna ɗaya, abu huɗu

Bahaushe na kiran bututun da ke fitar da jini daga zuciya jijiya, na mayar da shi ma jijiya. Farin zaren da ke kai saƙo tsakanin ƙwaƙwalwa, laka da gaɓoɓi jijiya ne, haka ma igiyar da ke ɗaure tsoka da ƙashi, wadda ke ba haƙori wahala a cikin nama, ko da yake ta dunduniya tana da sunanta, agara. Ga mahauci wannan ya wadatar. Ga ɗalibi kuwa, tsarin jini da tsarin saƙonni sun narke sun zama abu ɗaya, har ya ɗauka ta bututun jini ciwo ke tafiya.

Akwai ruɗani na biyu. Yaron da ya ga wanzami yana ƙaho ya ji ana cewa an fitar da mataccen jini. Idan malami, don sauƙaƙawa, ya ce jijiya kaza ta jini mai kyau ce, kaza ta gurɓatacce, ya ƙarfafa tsohuwar fahimta ne kawai. Jinin da ke komawa zuciya bai mutu ba, iskar oksijin ce ta ragu a cikinsa. Kuma ƙa'idar tana rushewa a huhu, domin jijiyar da ke fita daga zuciya zuwa huhu jini mai ƙarancin oksijin take ɗauka. A ganin mai wannan nazari, alƙibla ce kaɗai ma'aunin da ba ya yaudara: mai fita da mai komawa.

Darasi daga teburin mahauci

Zuciyar rago ba ta da tsada, kuma a ranakun Babbar Sallah kusan kowane gida na da ita. A tsaga ta a gaban aji. Bangon ɗakin ƙasa na hagu ya ninka na dama kauri kusan sau uku, saboda shi ke tura jini har tafin ƙafa, na dama kuwa huhu kawai yake kaiwa. A bar ɗalibi ya zura yatsa cikin babbar jijiya mai fita: bakinta a buɗe yake, tana miƙewa kamar roba. Mai komawa kuwa bangonta ba shi da kauri, tana lanƙwashewa ta manne. A ciki zai ga fararen zaruruwa riƙe da ƙyamaren zuciya. Da an tambaye shi sunansu, jijiya zai ce, kuma a nan ne malami zai sa shi ya nemi rami a cikinsu. Babu. Abin da ba shi da rami ba ya ɗaukar jini.

Daga nan sai tarihi ya shigo da amfaninsa. Likitan Girka Galen ya koyar da cewa hanta ke ƙera jini, jiki na shanye shi, kuma jinin na ratsa bangon tsakiyar zuciya. Ibn al-Nafis, wanda ya yi aiki a Alƙahira ya rasu a 1288, ya ƙaryata ratsawar, ya ce ta huhu jinin ke bi. A 1628 William Harvey na Ingila ya kafa hujja da lissafi cewa jini kewayawa yake yi. Ɗalibai za su iya maimaita lissafin da kansu. Kowa ya dafa wuyan hannunsa ya ƙirga bugun minti ɗaya. Na baligi a hutu yana tsakanin 60 da 100. A ɗauki 72, a ninka da kimanin mililita 70 da ke fita a kowane bugu: kusan lita 5 a minti, lita 300 a awa, wato jarka 12 mai cin lita 25. Duk jinin jikin baligi kuwa bai wuce kimanin lita 5 ba. Wace hanta ce za ta ƙera jarka 12 a awa? Ɗalibin da ya kai ga amsar da alƙalaminsa ba ya buƙatar hadda.

Harvey bai ga mahaɗar mai fita da mai komawa ba. Marcello Malpighi ne ya hango ƙananan jijiyoyin da ke haɗa su a huhun kwaɗo da madubin ƙara girma a 1661.

Sai a koma ga shanyewar ɓarin jiki. Jijiyar jini ce ke toshewa ko fashewa a ƙwaƙwalwa, sashen da ta daina shayarwa ya lalace, saƙo ya daina sauka ta jijiyoyin saƙo zuwa hannu da ƙafa. Saboda yawancin hanyoyin saƙon suna ƙetarawa a gindin ƙwaƙwalwa, lahani a hagu kan shanye ɓarin dama. A nemi kowane ɗalibi ya bayyana wannan da Hausa ba tare da ya ambaci jijiya tsurarta ba, kafin a buɗe littafin Ingilishi.